Fakej ɗin Bikin Yaye 'Yan Aji Shida a Sakkwato: Rumfa da Sauti Sun Ci Kuɗinsu, Abinci da Gawun Sai an Sake Lale

Da zarar zangon karatu na uku ya yi nisa, masu hayar rumfa da kujeru na cikin garin Sakkwato kan fara leƙa makarantun firamare, daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, kowa riƙe da takardar farashinsa. Abin da suke talla shi ne wanda suke kira fakej: kwamitin iyaye ya biya kuɗi a dunƙule bisa kan kowane yaro, su kuma su kawo rumfa, kujeru, lasifika, janareta, abinci, ruwa, gawun (doguwar rigar bikin yaye) da hula, mai hoto, wani lokaci har da mai gabatarwa. Ba mu kama sunan kowane gida ba, domin tsarin kusan ɗaya ne, kuma inda yake da kyau da inda yake da rauni ba su cika bambanta daga wannan gida zuwa wancan ba. Ra'ayinmu shi ne rabin fakej ɗin ya ci kuɗinsa, wato duk abin da ya shafi rumfa, kujeru da sauti. Ɗaya rabin kuwa, abinci da gawun da hoto, ta nan kuɗin iyaye ke zurarewa, kuma ta nan kwamiti ke jin kunya ranar biki.

Tun daga yadda ake yanka farashi ake fara samun tangarɗa. In an ce kuɗi kaza kan kowane yaro, abin tambaya shi ne mutum nawa aka lissafa a bayan yaron. Galibin masu fakej yaro ɗaya da baƙi biyu suke ƙirgawa, wato aji mai yara 60 ya zama mutum 180. Duk wanda ya san yadda ake zuwa biki a garin nan ya san lissafin bai kai ba. Uwa za ta zo da abokiyar zamanta, da inna ko goggo, da ƙannen yaron biyu ko uku, wata ma da kaka. Ga malamai, ga 'yan aji biyar masu fareti da waƙe, ga manyan baƙi da direbobinsu, ga yaran unguwa da ba mai iya korarsu kuma bai dace a kore su ba. Mu muna gina lissafi a kan mutum biyar bisa kowane yaro, shi da kansa a ciki, wato 300 ga aji mai 60. Kwamitin da aljihunsa bai kai nan ba sai ya buga katin gayyata, uku ga kowane gida, ya faɗi haka a fili tun a taron iyaye, sannan duk da hakan ya ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan adadin katin. Sharaɗin farko kafin a sa hannu kenan: a rubuta adadin mutanen da aka yi ciniki a kansu, da yawan kowane kaya a gabansa.

Mu fara da rumfa, domin ita ce ainihin sana'ar waɗannan gidaje, kuma a nan suka fi ƙwarewa. Wadda aka fi gani ita ce mai ƙafa 20 tsawo, ƙafa 20 faɗi. Mai haya zai ce tana cin kujera 60, kuma bai yi ƙarya ba in an jera su a matse babu hanyar wucewa. Amma dole a bar hanya ta ƙafa huɗu a tsakiya domin masu raba ruwa da masu fita da jarirai, sannan da hantsi rana kan shigo ta ƙarƙashin rumfa daga gabas ta cinye layi ɗaya ko biyu, mutane su riƙa jan kujeru suna cusuwa ciki. Kujera 45 ce gaskiyar abin da rumfa ɗaya ke ɗauka cikin mutunci. Mutum 300 na buƙatar rumfa bakwai, da ta takwas domin teburin manyan baƙi. Fakej na yara 60 rumfa huɗu ya saba kawowa. Tunda maza gefensu daban, mata gefensu daban, a ba mata kashi biyu cikin uku na inuwar, musamman in ranar aiki ce, domin su ne suka fi yawa kuma su ne ke ɗauke da goyo. Makarantar da ke da layin itatuwan dogon yaro ta rage rumfa ɗaya ko biyu ta jera bencin aji a gindinsu, wannan kuɗi ne da ya dawo aljihun iyaye.

Abin da ke bambanta gidan kirki da na jeka-na-yi-ka shi ne yadda ake kafa rumfar. Zango na uku a watan Yuli yake ƙarewa, damina ta kankama. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iska da ƙura ne ke riga ruwa isowa. Rumfar da aka tsayar kan ƙafafunta kawai, ba turke ba igiya, iska na shiga ƙarƙashinta take zama lema, ta tashi da ƙarafanta. Kowace ƙafa ta kusurwa tana son turken ƙarfe da bai gaza ƙafa biyu ba, a buga shi a karkace kansa na kallon waje, a ɗaure da igiya daga saman ƙarfen rumfa. A filin da ke da yashi turke ba ya riƙo, sai an ɗaura wa kowace ƙafa cikakken buhun yashi. Rumfunan da ke jere a ɗaure su ƙafa da ƙafa su zama abu ɗaya. Tamfol kuma a ja shi ya yi tsam, domin duk inda ya yi lanƙwasa nan ruwa ke taruwa, nauyinsa ya lanƙwasa bututun tsakiya. Yaran aiki kan ce, "Alhaji, ai ba a cika yin ruwa da hantsi ba," kuma akwai gaskiya a maganarsu, an fi samun hadari da la'asar ko cikin dare. To amma da yamma ake kafa rumfunan, su kwana a fili, saboda haka daren jajibiri ne ya fi haɗari. Gidajen da suka san aikinsu suna kafa ƙarafa da yamma, su bar ɗora tamfol sai bayan sallar Asuba. Wannan dabara ce mai kyau, kuma mun fi amincewa da duk gidan da ya kawo ta da kansa.

Inda kusan dukkansu ke da rauni shi ne zama a wurin. Asabar ɗin ƙarshen zango makarantu da yawa ke biki lokaci guda, ga ɗaurin aure, sai a sauke kaya a wuce wani wuri. A rubuta cewa ma'aikaci biyu za su tsaya har a tashi. Kwamiti shi ma ya tanadi aji biyu ko uku a share, makulli a hannun mutum ɗaya da kowa ya sani. In hadari ya haɗo, yara ne farkon shiga aji, kuma kada a bar kowa ya rungumi ƙafar rumfa wai yana riƙe ta, ƙarfe ne a fili ana walƙiya.

Kujeru ba su da dogon zance. Da dozin ake hayarsu, mutum 300 dozin 25 kenan, a ƙara dozin biyu domin waɗanda za a ware. A ƙirga su lokacin saukewa gaban wakilin kwamiti, a danna kowace ta baya, wadda ƙafarta ta tsage a ajiye ta gefe a ɗauki hotonta, domin in ba haka ba da yamma za a sa ta cikin waɗanda aka ce baƙi sun karya.

Sauti shi ne ɓangare na biyu da muke yabawa, kuma a nan ne kwamitin da ya ce zai yi da kansa ya fi shan wahala. Aron lasifikar masallaci ko ta wani maƙwabci kan ƙare da ƙara da shiru. Masu fakej suna da lasifika biyu manya, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, na'urar haɗa murya da makirufo, kuma suna da yaron da ya san su. Waɗannan kaya ba su cika wuce wat 1,500 ba, saboda haka janareta mai kVA 3.5 ya ishe su har da fanka biyu ko uku ta teburin manyan baƙi. Abin da ke kashe shi a tsakiyar taro shi ne wani ya zo ya jona firiza domin sanyaya lemo. Injin firiza lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ci sau uku ko fiye, wuta ta yi ƙasa, amfilifaya ya ɗauke, wani lokaci ya ƙone. Firiza ba ta da hurumi a wannan layi, ƙanƙara ce maganin sanyi. Irin wannan janareta yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, taron awa huɗu da gwajin safe lita takwas ta wadatar. A tambaya tun farko ko man yana cikin farashi, domin sau da yawa ba ya ciki, sai da safe a ce kwamiti ya kawo. A ajiye janaretan nesa da rumfa kamar mita 15 zuwa 20, ta yamma da taro ko bayan gini, a ja waya mai kauri guda ɗaya wadda ba a yi mata ƙulle-ƙulle ba, a binne ta ko a rufe ta inda yara ke wucewa. Ba a ƙara masa mai yana aiki.

Kukan da lasifika ke yi, wanda ke sa jarirai firgita, dalilinsa ɗaya: makirufo ya shiga gaban lasifika, muryar da ta fita ta sake komowa cikinsa. A sa lasifikun a gaban masu magana suna kallon jama'a, a ɗaga su sama da kan mutum. Yara masu karatun Alƙur'ani ko muhawara sukan riƙe makirufo a ƙirji, mai sauti ya ƙara murya don a ji su, kuka ya tashi. Gwajin minti 20 da yaran kwana ɗaya kafin biki, a nuna musu tazarar yatsu uku daga baki, yana kawar da wannan. A nemi makirufo mai waya guda ɗaya a ajiye, domin marar waya batirinsa kan mutu ana tsakiyar kiran sunaye.

Yanzu abinci, inda muka fi ƙorafi. Mafi yawan gidajen haya ba su da murhu. Kwangilar suke karɓa su miƙa wa mai girki, su cire nasu a kai, ita kuma ta cire nata a cikin abin da ya rage. Abin da ya isa robar yaro shi ne abin da ya tsira daga hannu biyu. Takardar farashi tana cewa shinkafa da nama kawai, ba awo ba girman yanka. Ga lissafin da kowane kwamiti ya kamata ya riƙe: giram 125 na ɗanyar shinkafa yana cika robar tek-awe madaidaiciya, kilo ɗaya roba takwas, buhu mai kilo 50 roba 400. In ana son cikar babban mutum, buhun ya tsaya a 300. Kilo ɗaya na naman sa marar ƙashi yana ba da yanka 20 da ba za a ji kunyarsu ba, mutum 300 kilo 15 kenan. Kaza ana raba ta takwas. Idan ta koma 12 ko 14, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma iyayen da suka biya za su gani. A nemi samfurin roba ɗaya tun ranar ciniki, a ɗauki hotonta a buɗe, a maƙala shi a yarjejeniya.

Ƙarancin ma da sauƙi a kan lalacewa. Mai girkin da ta karɓi biki uku rana ɗaya tun tsakar dare take ɗora tukunya. Ƙarfe biyar na asuba an zuba shinkafa da zafinta a roba an rufe, an cusa a buhu ko kwali. Ba a raba ta sai ƙarfe ɗaya na rana. Awa takwas kenan tana gumi a rufe, a garin da ko cikin damina zafin rana kan haura digiri 30. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, tana farfaɗowa in abincin ya huce a hankali, ta bar dafin da ke sa amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kawar da shi. Soyayyar shinkafa mai karas, koren wake da hanta ita ce ke fara yami, sai haɗin kabeji mai mayonis, wanda bai kamata ya shiga roba ɗaya da abinci mai zafi ba sam. Yara 'yan shekara 11 da ƙannensu ne za su ci wannan abinci, wasu ma su kai gida a raba da dare.

Shawararmu a cire abinci daga fakej ɗin gaba ɗaya. A kusan kowane aji akwai uwa biyu ko uku da girkin biki ne sana'arsu. Kwamiti ya sayi shinkafa da mai a Babbar Kasuwa, nama da kayan miya a Kasuwar Daji, a biya iyayen ladan aikinsu cikakke kamar yadda za a biya baƙuwa, kada a ce su yi don Allah. A ɗora tukunya ƙarfe shida na safe a harabar makaranta ko gida mafi kusa, dafa-duka zalla, a zuba a manyan kuloli da zafinta, sai ƙarfe 11 a fara sawa a roba. In kuwa dole sai mai fakej ne zai kawo, a rubuta lokacin sauke tukunya da lokacin isowa, a aika mace ɗaya daga kwamiti ta ga wurin girkin da idonta. Kwamitin da kuɗinsa bai kai shinkafa ba ya yi masa da ƙuli, ko cincin da zoɓo, babu abin kunya a ciki, kuma ba sa lalacewa da wuri.

Ruwa kullum yana gazawa a fakej, domin leda ɗaya ake lissafa wa mutum. Uku ce daidai. Jaka tana da leda 20, mutum 300 jaka 45. A jiƙa su a durom da ƙanƙara tun ƙarfe bakwai, a fara rabawa tun ana zama, kada a jira lokacin abinci. Lemon kwalba a bar wa teburin baƙi, ko a bar shi baki ɗaya.

Gawun da hula su ne yara suka fi ɗoki, su ne kuma aka fi tsawwala wa kuɗi. Yadin roba ne mai sheƙi wanda ba ya shan iska, ana sa shi a kan yunifom, yarinya kuma a kan hijabi. Gida ɗaya yana zagaya makarantu da saiti ɗaya cikin mako guda, ba lokacin wanki, sai ya iso da warin gumin jiya da maɓalli a cire. Girma biyu kawai suke da shi, ƙaramin yaro yana taka nasa, dogo kuma ya tsaya masa a gwiwa. Hular kwali ce a ciki, ɗigon ruwa kaɗan ke lanƙwasa ta, kuma ba ta zama a kan hijabi sai da roba ko fil. In za a karɓa, a karɓe su kwana biyu kafin biki, a ƙirga, a shanya, a gwada wa kowane yaro, a rubuta lamba a wuyan riga da sunan wanda ya ɗauka. Kada a sa wa yara sai minti 15 kafin fareti, a cire bayan hoto. Amma akwai hanya biyu da suka fi wannan. Ta farko makaranta ta ɗinka nata: yadi biyu da rabi ga kowane yaro, yadi 150 ga yara 60, a adana a akwati ana amfani da su shekara da shekaru, kowane aji ya biya kuɗin wanki da gyara kawai. Ta biyu ita ce ɗamarar kafaɗa, wato ƙyallen da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Yadi mai faɗin inci 60 ana yanka shi inci 12, a ninka a ɗinke, yadi ɗaya ya ba da uku, yadi 20 ya ishi ajin duka. A buga sunan makaranta da shekara a jiki, yaro ya tafi da abinsa gida. Ba zafi, ba rigimar girma, kuma tana zama daidai a kan hijabi.

Mai hoton fakej yawanci mutum ɗaya ne, shi ne na bidiyo, shi ne na hoto. Yara 60 a minti ɗaya kowanne awa guda ce cur, kuma ba za ta samu a tsakiyar taro ba. A ɗauki hoton ɗaiɗaiku ranar gwajin gawun, a bar na miƙa kyauta da na aji gaba ɗaya ranar biki. A aji ɗaya za a iya samun Aisha biyar da Abubakar huɗu, saboda haka kowane yaro ya riƙe allo mai lambarsa a hoton farko, in ba haka ba hotuna za su sauya gida. A rubuta ranar kawo su, a kuma rubuta cewa ba za a ɗora hoto ko bidiyon yara a Facebook ko TikTok domin talla ba sai da izinin iyaye. Takarda mai ado da mai fakej ke bugawa ta tunawa ce kawai, shaidar kammala firamare daga makaranta da hukumar ilimi take fitowa. Duk da haka a ɗauki sunaye daga rajistar aji, kowane uba ya duba na ɗansa ya sa hannu kafin a kai wurin bugawa.

Mai gabatarwa da mai sa kiɗa ma muna ganin a bar su. Malamin aji ya fi kowa sanin sunan yaransa da yadda ake faɗinsa. Baƙon mai gabatarwa da liƙi yake samun nasa, zai riƙa kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya su fito su yi wa ɗansu ruwan kuɗi, maraya da ɗan mai ƙaramin ƙarfi suna tsaye suna kallo. Wannan kaɗai ya isa dalili. Ga kuma doka: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙi da taka naira. Hukumomi ma sun fara sa ido a kan shagulgulan makarantu. A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Sakkwato ta haramta shagalin da ɗaliban sakandare ke yi ranar gama jarrabawa, a watan Agusta na shekarar kuma jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta bar na aji shida na firamare da na ƙarshen sakandare. Kafin a ba da ko sisi, shugaban makaranta ya tabbatar daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma cewa an amince da taron. A fara ƙarfe tara, a tashi kafin kiran Azahar, a guji Juma'a.

Duk wannan a kan kuɗi yake tsaye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Yuni da Yuli lokaci ne da aljihu ke da nauyi: ga taki da aikin gona, ga kayan shiga aji ɗaya na sakandare suna jira a Satumba. Kwamitin da ya fara karɓa tun Janairu, ana biya a kashi uku, ya fi samun cikawa a kan wanda ya aiko takarda saura mako uku. A kafa kwamitin da mutum biyar ko bakwai, mata aƙalla biyu a ciki, ma'aji daban, sakatare daban, kuma kada malamin aji ya riƙe kuɗi, domin kare mutuncinsa. Kuɗi ya shiga asusun da mutum biyu ke sa hannu. Hoton alat da aka turo a zauren WhatsApp ba shaida ba ne sai ma'aji ya gani a asusu ya yanka rasit mai lamba. A sa cajin POS da naira 50 da ake cira a kan turin da ya kai naira 10,000 cikin lissafi, ƙanana ne amma in sun taru su ne ke hana littafi daidaita.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba jimla da yawan yaran aji. A ɗauki misali domin lissafi kawai: biki ya kama naira 600,000, yara 60, aka ce kowa 10,000. Gida 48 suka biya, an tara 480,000, giɓin 120,000 ya faɗa kan 'yan kwamiti ko kan robar abinci. Daidai shi ne a ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama 660,000, a raba da 48, ya kama 13,750. In wannan adadi ya fi ƙarfin iyayen ajin, bikin za a rage, a cire gawun, a cire lemo, a rage rumfa, har ya sauko inda za su iya. Yaran 12 da suka rage su yi fareti da 'yan uwansu, su sa abin da kowa ya sa, su ci abin da kowa ya ci, kuma sunayensu ya tsaya tsakanin ma'aji da shugaban kwamiti. Masu hali a cikin iyaye da tsofaffin ɗalibai sukan ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu in an same su a keɓe. Ba a karanta sunan waɗanda ba su biya ba a layin safe, ba a kuma riƙe wa yaro sakamako ko takardarsa. A makarantar gwamnati ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, saboda haka kuɗin biki gudummawa ce ta ganin dama.

Masu fakej kan nemi kashi 70 a matsayin kafin alƙalami. Kada a wuce 40. Wani 40 ɗin a biya da safen biki bayan an ƙirga rumfa da kujeru an ji sauti ya tashi, sauran 20 sai an kwashe kaya, in akwai hoto a ciki sai hotuna sun iso. Gidan da ya amince da kansa ba ya ƙin wannan. A takardar a rubuta wanda zai biya a-kori-kura zuwa da dawowa, wanda zai biya mai gadin dare, kuɗin kujera ɗaya in ta karye ko ta ɓace, da abin da zai faru in ruwa ya tilasta ɗage taro zuwa washegari. Idan kwamiti ya ce rumfa da kujeru da sauti kawai yake so, wasu gidajen za su ɗaga farashin waɗannan domin su mayar da ribar abincin da ta kuɓuce musu. Maganinsa a karɓi farashin gida uku, kowane kaya da kuɗinsa a layinsa.

Bayan an tashi, wakilan kwamiti biyu su tsaya. A tara kujeru goma-goma a ƙirga tare da yaran mai haya kafin a ɗora ko ɗaya a mota, a leƙa azuzuwa da bayan gini da ƙofar makaranta, domin nan baƙi ke jan su zuwa inuwa. A ƙirga gawun da lambobinsu, a zare turaku duka a cike ramukansu saboda ƙafafun yara ranar Litinin, a kwashe ledojin ruwa da robobi. Ɓangarorin biyu su sa hannu a kan adadin. Cikin mako guda ma'aji ya fitar da lissafin shiga da fita da hoton kowane rasit ga dukkan iyaye, abin da ya yi saura kuma taron iyaye ne zai ce a mayar wa masu shi ko a saya wa yaran littattafan shiga sakandare.